Hutun da Sha'aban Ya Ci a Teku

Idan ka shiga Birnin Masana'antu na Biyu a kudancin Riyadh, ka tambayi Hausawan da ke aiki a rumbunan kayan abinci ina Alhaji Sha'aban na Gumel, ba wanda zai ce bai san shi ba. Dogon mutum ne baƙi, mai furfura a gemu, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tashin mai barci. Aikinsa tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya. Ya zura haƙoranta na ƙarfe a ƙarƙashin tulin buhunan shinkafa ko katan-katan na man girki, ya ɗaga, ya kai cikin tirela, ya dawo ya ɗauki wani. Haka yake yi tun gemun yana baƙi wuluk. A ɗakin ma'aikata yake kwana, mai gadaje hawa biyu, kuma gadon da ke samansa na Uba ne, ɗan garinsu, wanda shi Sha'aban ya yi wa hanyar zuwa Saudiyya.

Matarsa Maimunatu tana Gumel da yara. Babbarsu Safiyya ya bar ta tana tatata, ga shi har an aurar da ita ga wani malamin makaranta mai suna Talha. Da yake 'yar fari ce, Sha'aban bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan".

Duk bayan shekara biyu kamfani kan ba shi ijaza, wato hutun zuwa gida. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, hutun nan ba ya hutar da shi. Kafin ya dawo daga masallaci da asuba zaure ya cika. Wannan ɗansa yake so a nema wa biza, wancan katangarsa ta faɗi, ga rigimar gona tsakanin ƙannensa da aka ajiye masa tun bara sai ya zo. Ba ya iya cewa a'a, kuma ba ya iya kallon mutum ya tashi da ɓacin rai. Yakan koma Riyadh a rame, har abokan aiki su tambaye shi ko jinya ya yi.

A ƙarshen shekarar 2015 kamfanin ya yi wa ma'aikata walima, aka zuba sunayensu a cikin bokiti aka ce za a zaro masu rabo. Wani ya sami firji, wani ya sami waya. Babbar kyautar ita ce yawon mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, wanda zai tashi daga Dubai ya zagaya gaɓar Oman ya dawo. Kyautar ta mutum ɗaya ce, ba a sayarwa, ba a bai wa wani, kuma kamfani ne zai yi biza da komai. Da aka kira sunansa, Sha'aban bai ma ji ba, yana fama da ƙashin rago. Uba ne ya girgiza masa kafaɗa.

Washegari mudirin rumbun, wato manajansu, ya kira shi ofis. Wani dattijon Basudane ne mai sauƙin hali, wanda ya daɗe yana mutunta shi.

"Mabruk, ya Hajji," in ji shi. "Amma akwai magana. Jirgin nan a Janairu zai tashi, ijazarka ma a Janairu take. Ba zan iya rasa ka sau biyu kafin azumi ba, ka san yadda aiki yake yi mana yawa. In ka zaɓi gida, halas, shi ke nan, ka tafi gida, kyautar ta wuce. In ka zaɓi jirgi, gida sai bayan ƙaramar Sallah. Zaɓi na hannunka."

Ba haka kawai aka sa ijazar a Janairu ba. Safiyya tana da tsohon ciki, kuma Sha'aban da kansa ya roƙi wannan watan don a yi sunan jikansa na farko yana nan. Saboda haka amsa a bayyane take. Ya buɗe baki zai ce gida, sai idonsa ya faɗa kan takardar jirgin da ke kan tebur. Akwai hoton ɗaki a ciki, da farin gado guda ɗaya, da ƙofa a rufe, da taga mai kallon ruwa. Ya ce a ba shi zuwa gobe. Da gobe ta yi, ya ce jirgi.

Ya kira Maimunatu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

"Maimunatu, an ɗaga ijazar. Sai bayan Sallah."

Ta ce, "Alhaji, ba ka faɗa musu haihuwa ake jira ba?"

"Na faɗa. Mudir ya ƙi."

Kalmomin sun fita da sauƙin da ya ba shi tsoro. Da ya ajiye wayar ya tarar Uba yana kallonsa daga saman gado. Sha'aban ya ce, "Kada maganar jirgin nan ta je gida." Uba ya ce, "To, Yaya," ya juya fuskarsa bango.

Safiyya ta haihu namiji ana saura 'yan kwanaki ya tashi. Ya yi ta hamdala a waya, ya aika da abin da za a sayi rago, sannan ya koma ya ci gaba da ninke sabuwar jallabiyar da ya saya don tafiyar.

Da ya ga jirgin a tashar Dubai, sai da ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Unguwa guda ce aka ɗora a kan ruwa. Wani ma'aikaci ɗan Filifin ya karɓi jakarsa yana ce masa "yallaɓai" da Turanci, Sha'aban ya yi ta ƙoƙarin ƙwace jakar, don bai saba wani ya ɗaukar masa kaya ba. Aka kai shi ɗakin, ya rufe ƙofa, ya tsaya a tsakiya yana sauraro. Babu munsharin kowa, babu rediyon kowa, babu warin takalman aiki. Ya kwanta da niyyar miƙe baya kawai, bai farka ba sai da la'asar ta kusa kufce masa.

Kwanakin farko sun yi masa daɗin da bai san akwai irinsa ba. Ya koyi hanyar da zai bi ya kauce wa wurin ninƙaya da wurin shan barasa. Ya sami wata kujera a bayan jirgi inda ba kowa ke zuwa ba, yana zama da shayinsa yana kallon farin kumfan da jirgin ke bari a baya. Alƙibla ce ta ba shi wahala, domin sai ya daidaita ta da waya, kafin ya sallame jirgin ya karkata. A wurin cin abinci, inda aka jera nama da kifi da 'ya'yan itace iri-iri kowa ya ɗiba son ransa, shi ɗan kaɗan yake zubawa, kamar wani zai zo ya tambaye shi dalili. Wata safiya suka shiga tsakanin wasu duwatsu masu tsayi, sai ga manyan kifaye suna tsalle a gefen jirgi suna tsere da shi. Sha'aban ya ji kansa yana dariya shi kaɗai, baki buɗe. Ya juya don ya nuna wa wani, babu kowa a gefensa sai wata tsohuwar Baturiya da ke ɗaukar hoto. Ya ciro waya shi ma zai ɗauka, sai ya tuna ba shi da wanda zai tura wa. Duk wanda ya kamata ya gani yana zaton yana Riyadh a bakin aiki. Ya mayar da wayar aljihu.

Ranar suna ta same shi a Maskat, babban birnin Oman. Jirgin ya tsaya, fasinjoji suka sauka yawo, shi kuma ya shiga tsohuwar kasuwar bakin ruwa da hantsi. Yana tsaye a rumfar mai turaren wuta wayarsa ta yi ƙara. Surukinsa Talha ne.

"Baba, barka da aiki. Yanzu liman ya raɗa suna. Yaro ya ci sunan Sha'aban."

Sha'aban ya dafa bangon rumfar. "Wane suna ka ce?"

"Sunanka, Baba. Na ga irin wahalar da kake sha a ƙasar mutane saboda iyalinka, har ba a bar ka ka zo ka ga jikanka ba. Na ce to bari sunanka ya zauna a gidan, ko da kai ba ka nan."

Ya yi godiya a gajarce. Aka miƙa wa Maimunatu wayar. Yana jin guɗar mata a bayanta, da ƙarar turmi, da kukan jariri siriri.

"Alhaji, ka ji takwaranka? Yarinyar nan tun asuba take kuka, wai da Babanta yana nan. Shi kuma mudirin nan naku, na bar shi da Allah. Yadda ya raba ka da wannan rana, Allah Ya nuna masa."

"Kada ki ce haka, Maimunatu."

"Na faɗa. Kullum kai ne mai kare mutane."

Da suka gama, mai turaren ya miƙo masa ƙullin da ya zaɓa. Sha'aban ya kalli ƙullin. Na Maimunatu ne ya yi niyya, amma in ta tambaye shi inda ya samo turaren Oman, me zai ce? Ya ba mutumin haƙuri ya bar shi a nan, ya koma jirgi tun rana ba ta take ba.

Sauran kwanakin a ɗaki ya yi su. Ɗan Filifin ɗin ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko jirin teku ne, ya kawo masa magani. Sha'aban ya karɓa ya ajiye. Abin da ya fi damunsa ba ƙaryar kaɗai ba ce. Da ya binciki zuciyarsa sai ya tarar har a lokacin yana son shirun ɗakin, yana son gadon, kuma in an ce masa jirgin zai ƙara mako ba zai yi baƙin ciki ba. Wannan shi ya fi ba shi kunya.

Ya koma Riyadh, abokan aiki suka kewaye shi a ba su labari. Ya ce ruwa ne kawai, ko'ina ruwa. Suka gaji suka ƙyale shi.

Bayan ƙaramar Sallah ya isa Gumel. Yaron ya fara zama, ƙato da shi, mata suna kiransa Baba Ƙarami. Safiyya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora masa yaron a cinya, ta koma gefe tana share ido da mayafi. Yaron ya kama gemunsa ya ja, kowa ya yi dariya.

Sai da baƙi suka ragu Maimunatu ta same shi shi kaɗai a tsakar gida da rana, tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, yaya teku?"

Uba ya riga shi zuwa hutu, ya yi suɓul da baka a gaban tasa matar, ita kuma ta kasa riƙewa, ta kai wa Maimunatu. Tun cikin azumi Maimunatu ta sani, ta ci gaba da amsa wayarsa kamar ba komai.

Sha'aban ya fara magana, ta tare shi.

"Da ka ce mini ka gaji, wallahi da ni zan ce ka tafi. Kana zaton ban ga yadda suke cinye ka a zauren nan ba? Ni ma na san gajiya, Alhaji. Yaran nan duka a hannuna suka yi ƙyanda, ni na kai su makaranta, ni na aurar. Ban taɓa samun ɗakin da zan rufe ba. Amma ban yi maka ƙarya ba. Kai kuwa ka sa na yi wa bawan Allah baƙar addu'a a banza, da bakina."

"Ki yafe mini. Zan kira yarinyar nan da mijinta in faɗa musu gaskiya."

Sai a nan ta ɗago kai. "Don ka ji sanyi a ranka, su kuma su kwasa? Talha ya ba ka sunan ɗansa da zuciya ɗaya. Ba za ka ɓata masa ba. Ni na yafe, amma wannan kam ka riƙe abinka."

Ta tashi da faifanta ta shiga madafa.

Da ya koma Riyadh, ya kai wa mudirin ƙullin kilishi, ya tsaya a gaban teburinsa ya roƙe shi ya yafe masa, domin ya jingina masa laifin da bai yi ba. Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, bai tambayi wane laifi ba, ya ce, "Allah Ya yafe mana duka. Yalla, tirela tana jira."

Shekaru suka shuɗe, Sha'aban yana nan kan motarsa a rumbun. Safiyya da Talha ba su taɓa sani ba. Duk Juma'a yaron kan karɓi wayar uwarsa ya yi masa surutu, kuma in baƙo ya tambayi dalilin sunan, Talha yakan ba da labarin surukinsa da aka hana zuwa suna. Sau ɗaya ya ba da shi a gaban Sha'aban, a zaure cike da mutane. Sha'aban ya sunkuyar da kai har aka gama, mutane suka ce kunya ce irin ta dattawa.