Ranar da Muka Lulluɓe Ƙawata

A shekararmu ta ƙarshe a sakandare aka haɗa mu da wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, irin wanda ba a gama shi sai kusan kowa ya mutu. Makarantar 'yan mata ce a Tudun Wada. Ajinmu shi ne na can ƙurya, tagoginsa na kallon ƙofar baya inda masu awara da ɗanwake ke zama. Malamin adabin Turanci dogo ne siriri, daga Kwangila yake zuwa a kan wani babur da muke jin tarinsa kafin mu gan shi. Yana son littafin nan kamar shi ya rubuta. Mu kuwa dariya yake ba mu. An soke mutum da takobi, maimakon ya yi salati ya cika, sai ya tsaya yana jawabi shafi guda. Ni ce kan gaba wajen tsiya, don tun ina ƙarama bakina bai iya zama a rufe ba.

Da Malam ya gaji da mu, sai ya ce tunda karatu ya ƙi shiga, za mu tashi mu yi fitowar ƙarshe da jikinmu. A fitowar an shigo da gawar wata budurwa, uwarta ta durƙusa a kanta tana sambatu. Ni ya ba wa uwar, wai in yi amfani da bakin nawa ta hanyar kirki. Da ya nemi wadda za ta kwanta a matsayin gawa, kowa ya kau da kai. Wa zai jawo wa kansa? A gidajenmu ko yaro ne ya miƙe ya rufe fuska da zane sai an daka masa tsawa, an ce ya daina yi wa kansa mugun fata. Malam ya ce camfi ne, mu ji kunya, mu da muke shirin shiga jami'a. Muka sunkuyar da kai muka bar shi da jami'arsa.

Sai ƙawata, wadda muke benci ɗaya da ita, ta ɗaga hannu.

Na mintsine ta a cinya, ko motsi ba ta yi ba. Duk ajin ita ce bai kamata ta yi haka ba, domin 'yar wabi ce. 'Ya'yan da uwarta ta haifa kafin ita babu wanda ya kai yaye. Da aka haife ta sai aka kai ta kan juji a bayan gidansu a Gyallesu aka ajiye, wata tsohuwa maƙwabciya ta je ta ɗauko, ta ce tsintuwa ta yi. Dabarar ita ce a nuna ba a damu da jaririyar ba, ko abin da ke ɗauke 'ya'yan ya raina ta ya wuce. Mata da yawa kan yi haka na 'yan shekaru, in yaro ya yi ƙwari su saki jiki. Uwar ƙawata ba ta taɓa sakin jiki ba.

Na sha zuwa gidan. Matar kulle ce, ba a ganin ta a waje da rana. Ba ta kiran sunan 'yarta, sai dai ta ce, "Ke, tarkace." In ta zuba mata tuwo ba ta miƙa mata a hannu, sai ta ajiye kwanon a ƙasa ta tura da ƙafa, tana kallon wani wuri. Ranar da ƙawata ta zo ta ɗaya a aji, a gabana ta faɗa mata, matar ta ce to a tashi a share tsakar gida. Mijinta malami ne mai zaure da ɗalibai, ya yi faɗa har ya gaji cewa wannan ba addini ba ne. Ni dai na tsani matar, ban kuma ɓoye ba. Ƙawata ta san labarin jujin, kowa ma ya sani. Amma ta taɓa ce mini ita ba ta yarda akwai sauran so a ƙarƙashin zagin nan ba. Ta ce wataƙila da can dabara ce, yanzu kam ya zama hali.

Ranar gwajin farko aka haɗa benci biyu a gaban allo, aka aro farin zanen gado daga ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya. Ƙawata ta cire takalmi ta hau ta kwanta rigingine, kamar yadda hoton littafin ya nuna. 'Yan mata biyu da aka sa su lulluɓe ta suka tsaya suna kallon ta. Ba wanda ya ce musu komai, sai gani muka yi sun jirkita ta kan hannun dama, fuskarta gabas, sannan suka ja zanen har kanta. Malam ya ce, "A'a, ba haka ake yi a can ba, ku mayar da ita." Ba wadda ta motsa. Shi ma ya haƙura, ya ce in fara.

Na durƙusa na karanta. Turancin tsoho ne, ya cika mini baki da ƙaya, ina tuntuɓe a kowane layi. Aka ɗan yi dariya, hankalin kowa ya dawo jikinsa.

Da aka tashi tara kowa ya fita sayen awara, sai ta riƙe mini hijabi. Ta ce, "Me uwar take cewa? Ban gane ba."

Na ce, "Ke da kika fi ni Turanci?"

Ta ce, "Ki faɗa mini da Hausa. Bari in kwanta."

Na ɗauka wasa ne. Ta hau benci ta ja zanen da kanta. Ni kuwa ba fassara na iya ba, sai na kwaso abin da na saba ji a gidajen rasuwa, lokacin da maza suka ɗauki makara mata suka biyo har bakin zaure. Na ce, "'Yata, tashi, ni ce. Tashi ki ga na zo. Wa kika bar mini? Wa zai shigo ya ce Inna sannu da gida?" Na fara da muryar tsiya, ban san inda ta canza ba. Ajin ba kowa, fanka ba ta juyawa don ba wuta, sai ni da farin abu a miƙe. Na tsaya ina jiran ta fashe da dariya.

Daga ƙarƙashin zanen ta ce, "Sake."

Haka muka yi ta yi kullum da tara. Na daina cin awara, na daina tsokanar mutane. Kowace rana tana ƙara daɗewa kafin ta tashi, kuma ta koyi riƙe numfashi har zanen ya daina motsi. Wata rana na kama hannunta, ana tsakiyar bazara, kwanon rufi na ƙara don zafi, na ji shi sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce na daina, wannan ba karatu ba ne. Ta yaye zanen ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Ke kullum ana ce miki 'yata. Ni nan kaɗai nake ji." Na koma na durƙusa.

Ashe Malam ya taɓa wucewa ya ji mu. Ranar da za a yi wasan a gaban aji, sai ya rufe littafinsa ya ce yau da Hausa zan yi, irin yadda ya ji ina yi, ko 'yan ajin su gane abin da ake nufi da wasan baƙin ciki. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya sani.

Sun kuwa gane. Ban kai rabi ba wata a baya ta rushe da kuka, wata ta ce innalillahi da ƙarfi, sauran suka ɗauka. Cikin masu awara akwai wata 'yar Gyallesu. Ta leƙo ta taga, ta ga an lulluɓe mutum da fari ana salati, ta tambayi wadda ke kusa wace ce, aka faɗa mata suna. Ba ta tsaya jin sauran ba. Mu ba mu san ta tafi ba. Malam ya lallashi aji, ya yi dogon bayani a kan dalilin da ya sa mutane ke zuwa kallon abin da zai sa su kuka, sannan ya ce a sake daga farko.

Ina tsakiyar cewa "tashi, ni ce" na ji hasken tagar ya ragu. Na ɗaga kai. Uwar ƙawata ce a tsaye, ta riƙe ƙarfen tagar da hannu ɗaya, a ɗayan hannun muciya ce da tuwo a jikinta. Ba mayafi, ɗankwalin ma ya zame. Ba ta kalli kowa ba sai zanen. Na dakata da sambatun. Ƙawata ba ta san me ake ciki ba, tana can ta riƙe numfashi yadda ta saba. Zanen bai motsa ba. Muka yi ta kallon matar tana kallon zanen, har numfashin ya ci ƙarfin ƙawata, yadin ya lotsa a wajen hancinta ya sake tasowa.

Sai matar ta saki ƙarfen. Ta ɗaga murya, ba da mu take ba, kamar mai yi wa wani na bayanta bayani, ta ce, "Au, wannan ce? Na ɗauka wata 'yar kirki ce ta mutu. Wannan ai ko an ba mutum kyauta ba ya ɗauka."

Ta juya ta tafi. Zanen ya fara rawa, ƙawata ta ji komai.

Raina ya ɓaci har ban nemi izini ba. Na fita da gudu, na yi niyyar faɗa mata maganar da ba a faɗa wa uwar wani. Ban gan ta a hanyar ƙofa ba. A bayan ajin na same ta, tsakanin bango da wata dalbejiya, a tsugune. Ta sa muciyar a baki ta cije, jikinta duka yana girgiza, amma ko ƙaramin sauti bai fita ba. Ba takalmi a ƙafarta. Tun daga Gyallesu ta tako kwalta a wannan rana, tafin ƙafar ya sale, yana jini.

Da ta gan ni sai ta fizgo ni ƙasa, ta cire muciyar, ta matso da bakinta kunnena.

"Ke ce mai kukan?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Wasa ne, a littafi yake."

Ta ce, "Turancinku ban sani ba. Amma Hausa tana ji." Ta waiga hagu da dama. Ban tambaye ta wa take nufi ba, na san da mai ɗauke mata 'ya'ya take. Ta ce, "Shekara da shekaru ina ɓoyon ta, ke kin durƙusa kina nuna inda take. Kada ki sake. Kuma ba ki gan ni a nan ba. In kika faɗa mata, za ta saki jiki, za a gane."

Na cire takalmina na ba ta. Ta karɓa ta bi ta ƙofar baya.

Malam bai sake sa mu wasan ba, aka koma karatu a zaune har jarrabawa. Ƙawata ba ta ƙara cewa in yi mata kuka ba. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa mata abin da na gani, sai in tuna yadda matar ta waiga, in haɗiye. Na yi karatu, na san camfi ne, na san rai a hannun Allah yake. Amma ƙawata tana nan da ranta, ni kuwa ban yarda in zama wadda za ta gwada ba.

Bara uwar ta rasu. Na je gaisuwa Gyallesu, na tarar da ƙawata a ɗakin marigayiyar, ta zama babbar mace da 'ya'yanta. Da mata suka ragu sai ta ce mini tana ta ƙoƙari ta yi kuka ya ƙi zuwa. Ta ce, "Ta tafi ba ta taɓa ce mini 'yata ba, ko a gadon asibiti."

Na ga mai hana ni ba ta nan. Na faɗa mata duka, bayan ajin, da muciyar, da ƙafafun, da abin da aka raɗa mini a kunne. Tana ji, hawaye suka ɓalle mata. Ban gama ba ta kai hannu ta toshe mini baki da ƙarfi, har haƙorina ya shiga leɓena. Ta waiga ta kalli ƙofa, inda ba kowa sai labule. Sannan ta ɗaga murya, hawayen na zuba, ta ce wa ƙofar, "Ƙarya take yi. Ba ta taɓa so na ba. Ni tarkace ce."