Yaran da Muka Aro

Da direba ya rage gudu a bakin ƙauyen, na hango babura an gindaya su a hanya, rumfunan masu doya kuma babu mace ko ɗaya. Yara tara ne a bayana cikin bas, sanye da rigunan makarantarmu, zan mayar da su gida.

Koyarwar sa-kai nake yi a wata firamare a Keffi, da takardar sakandare kawai. A ranar masu duba makarantu suka zo su ga ko tallafin da ake ba mu ya sa yara sun iya karatu. In ba su iya ba, a yanke. 'Yan ajinmu da yawa ko haɗa baƙi ba sa yi. Sai hedimasta ya yi abin da aka saba yi da bencina in za a zo dubawa: ya aro. Yara masu ƙoƙari ya aro daga makarantar abokinsa da ke wannan ƙauyen a hanyar Garaku, ni aka tura na ɗauko su da safe. Ya ce iyayensu sun sani. Ashe ba wanda ya gaya musu. Labarin da ya zaga ƙauye shi ne wata mace ta zuba yara a mota ta yi hanyar Abuja.

Dutse ya fara fasa gilashi. Aka fizgo direba, aka rufe shi da duka. Ni da mayafina aka jawo ni ƙasa. Gora ta sauka a kafaɗata, na ji ƙashi ya amsa, bakina ya cika da jini. Ina ta cewa malama ce ni.

"Malamar ina? Nawa ake sayen kai ɗaya a Abuja?" in ji wani, yana mirgino taya.

Wata uwa, da ta gama laluba jikin 'yarta, ta tambaye ta inda aka kai su. Yarinyar ta ce karatu aka sa su, aka ba su biskit, aka ce su amsa sunan wasu. Matar ta kutso ta kwanta a kaina, sanda biyu ta sha a madadina.

A ɗakin ajiyar masara na mai unguwa aka kulle ni don a raba ni da taron, ina jin ana jifan kwanon rufi.

Bayan la'asar mai unguwa ya buɗe ƙofa, 'yan sanda biyu a bayansa. Ya ce, "Tashi, 'yata. Sun watse, ba mai ƙara taɓa ki."