Ganyen da Kawu Ya Kawo daga Bakin Teku

Shekarar da na haifi ɗiyata ta biyu ne ciwo ya fito wa innata a nono. Muka kai ta asibiti Maraɗi, likita ya ce daji ne. Aka yi mata aiki, muka dawo Madarunfa da ƙwayoyi. Wurin ya warke, amma abinci ya ƙi shiga. Ko fura ta kurɓa sai ta dawo.

Kawuna, ƙanenta, direban kamiyo ne, babbar mota, yana ɗauko kaya daga Kwatano, can bakin teku. Wata Laraba bayan la'asar ya shigo da ƙunshin busasshen ganye. Ya ce wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ba shi, da ya ba ta labarin yayarsa. Ganyen wani icce ne mai tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa duk a waje. Mutanen can dafa shi suke kamar shayi.

"Yaya, ban ce zai warkar da ke ba," in ji shi. "Ita ma matar ba ta ce ba. Ta dai ce ki sha."

Na ji tsoro, na kai wa likita ya gani. Ya jujjuya shi, ya ce bai san shi ba, amma in za ta sha, a ba ta kaɗan, kuma kada ta bar ƙwayoyinta.

Na dafa mata da citta, na sa zuma. Ruwan ya yi ja, ga bauri. Ta yamutsa fuska ta shanye. A kwana na biyar ta ce tuwon dawa take so da miyar kuka. Ina tuƙi ina hawaye.

Ko ganyen ne, ko ƙwayoyin, ko ganin ƙanenta ya tuna da ita a wata uwa duniya, Allah kaɗai ya sani. Damina uku ta ƙara yi, har ta koma tsinkar wake a gona.

Kullum da hantsi nake dafa mata, mu zauna bakin ɗaki. A wannan zaman ne ta ba ni labarin ƙuruciyarta, har da ranar da jirgi ya kife da ita a tafki wani masunci ya tsamo ta. Ban taɓa sanin haka ba. Alhamdu lillahi da na ji daga bakinta kafin ta rasu.