Laimar Mai Aski

Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kada ki gyara min magana. Yayana mai aski zan ba ki labarinsa, wanda kuke ce wa Baba Almakashi.

Shekara arba'in ya yi a shago ɗaya, kujera ɗaya, madubi mai tsagewa a gefe, da benci na masu jiran layi. Ba shi da yawan magana, ba ya zuwa hira. Abin da yake taƙama da shi a duniya bai wuce wata shuka da ke cikin tukunya kusa da tagarsa ba. A bayan wani otal ya tsince ta, an jefar, ya ɗauko ya raine ta har ta kai masa kafaɗa. Kowane ganyenta ya rabu gida bakwai ko takwas, ya buɗe kamar laima, shi ya sa yake ce mata Laima. Duk wanda ya zauna aski sai ya yaba mata, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, amma za ka ga almakashin ya ƙara sauri.

To, bango ɗaya ne tsakaninsa da wani tela. Rannan telan ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, a sam min reshe ɗaya mana, shagona ya yi fayau."

Yaya ya daɗe yana zagaya shukar. Can ya zaɓo reshen da ya fi kowanne rama, ya yanko ya miƙa masa. A ransa ya ce ba za ta kwana bakwai ba.

Sai ga shi ta kama. Cikin shekara biyu ta tela ta yi kore shar, ganye na sheƙi, tana miƙe a bakin tagarsa. Masu jiran aski suka fara cewa, "Kai, Baba, 'yar ta fi uwar kyau." Wani direba ma ya ce, "Ashe tela ne mai hannun shuka." Ranar yaya ya yi wa direban nan aski a karkace, kuma bai ba shi haƙuri ba.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya ce sai Laima ta koma gaba. Ya cire ta daga tsohuwar tukunyar ƙasa ya sa ta a wani bokitin roba mai ruwan zinare, don ta fi ta tela kwarjini. Ya janye ta daga taga ya ajiye gefen madubi, can ciki, wai a riƙa ganinta biyu. Kowace alwala ya yi, ragowar ruwan buta a gindinta yake juyewa, sau biyar a rana. Da ya ga ganyen ba ya sheƙi kamar na tela, sai ya ɗauko man gashin da yake shafa wa mutane, ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya yana mulkewa.

Ganye ya fara rawaya. Da safe in ya buɗe shago sai ya tarar da su zube a ƙasa, ya yi maza ya share ya cusa ƙarƙashin gashin da ya tara, kada tela ya gani. Ya ƙara ruwa, suka ƙara zubewa. Ƙura ta manne a man, ganyen ya yi dauɗa. Ya zo gidana yana huci ya ce min, "Ƙane, bakin mutumin nan ne. Kullum ya wuce sai ya kalle ta." Na ce masa ido ba ya kashe shuka. Ya ce ni ma na koma wajen tela.

Wata biyu ba ya amsa gaisuwar telan sai da ka. Amma gemu ba ya jiran sulhu. Ranar wata Laraba telan ya shigo ya zauna a kujera, yaya ya shafa masa sabulu, ya ɗora aska a maƙogwaronsa.

"Malam Tela, me kake ba taka?"

"A ɗan ɗaga askar tukuna, maƙwabci, in samu hanyar magana."

"Faɗi a haka."

"Ba na ba ta komai. Yatsa nake tsomawa a ƙasar. In ya fito a bushe in zuba ruwa, in da danshi in koma kan kekena. Wani sa'in sai in yi kwana goma na manta da ita."

Yaya ya ce min da telan ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Shi yana hidima dare da rana, ga wanda yake mantawa ya wuce shi.

Da aka gama, telan ya je ya tsoma yatsa a bokitin. Ya fito da caɓi mai warin tsami. Ya ɗaga bokitin ya duba ƙasansa ya ce, "Ba huda. Ka mayar da ita kifi, Baba. Wannan man kuma, angwanci za ta?"

Yaya bai yi dariya ba, amma ya kama gefe ɗaya suka juye ta a kan buhu. Saiwar duk ta yi baƙi, tana narkewa a hannu. 'Yan farare guda huɗu ne suka rage. Da almakashinsa na aski ya yanke ruɓaɓɓun. Suka nemo tsohuwar tukunyar mai huda, suka haɗa sabuwar ƙasa da yashi, suka goge ganyen da tsumma da ruwan ɗumi. Reshe uku kawai ya saura mata.

Telan ya ce, "Tana son haske, ba rana mai duka ba. Tagarka da yamma wuta ce, ga ta ba ƙarfi. Tawa hasken safe take samu. Kawo ta wajena ta yi jinya, kuma hannunka ya huta da buta."

Yaya ya yi kamar zai ce gara ta mutu a gida. Ya kalli rassan nan uku. Sai ya sunkuya ya rungumi tukunyar da kansa, ya kai ta shagon tela, ya ajiye kusa da 'yarta.

Ta farfaɗo, a wata na uku ta fitar da toho. Masu wucewa suka shiga cewa, "Kun ga tela, yanzu biyu gare shi." Shi ya sa har ƙarfin yaya ya ƙare, kullum da hantsi yakan bar mutum da rabin aski, ya tsaya a ƙofar tela yana nuna wa duk wanda ya tsaya kallo.

"Ta dama tawa ce. Ta hagun ma, in ana maganar asali, tawa ce."