Rumfar Aro a Sadakar Ukun Baba

Baba ya rasu saura 'yan kwanaki a yi zaɓe, lokacin da Minna ta ɗauki zafi. Ko lemo ka tsaya saye, sai mai lemon ya fara duba kalar hularka kafin ya amsa sallama. A unguwarmu Limawa kuwa, sati guda kafin nan aka fasa wa wani kai a kan fosta, kuma kowa ya san ba a gama ba.

Shi Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin fosta ta wuni a bangon gidanmu ba. In an manna, sai ya fito da buta ya jiƙa ta ya ɓare, ba faɗa ba zagi. Duk ɗan takarar da ya zo neman addu'a zai yi masa, irin wadda ya yi wa na jiya, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa kowane ɓangare ke iya zama a zaurenmu.

Ni ne ɗan fari, don haka hidimar sadakar uku a kaina ta faɗo. Ga rana tana dukan mutane, ga masu gaisuwa sun cika layi. Sai wani abokina na firamare, wanda yanzu shi ne shugaban jam'iyyarsu a mazaɓarmu, ya ja ni gefe ya ce zai aiko da rumfa da kujeru. Na yi ta godiya kamar ya ba ni kujerar Makka. Wallahi ban tambayi kalarta ba.

Sai da aka kafa ta da safe na ɗaga kai. Kalar jam'iyya ce tun daga sama har ƙasa, ga hoton ɗan takararsu na majalisar jiha a kowace kusurwa, yana ta washe baki a gidan mutuwa. Samarin da suka kawo ta kuma ba su tafi ba, suka jeru a bakin kwata wai suna gadin kujeru.

Kawuna, ƙanen Inna, ya matso ya ce a hankali, "Ɗana, a sauke wannan abin tun kafin rana ta yi."

Ni kuwa da ma zuciya a kusa take, ga kwana biyu ban runtsa ba. Na ce, "Haba Kawu! Inuwa ce fa, ba ƙuri'a ba. In kana da wata rumfar ka kawo." Ya kalle ni, ya koma ya zauna. Har yau in na tuna bakin nan nawa sai in ji kunya.

Abin da na manta shi ne, a lokacin kamfen ɗan takara ba ya wuce gidan rasuwa. Liman ya fara addu'a ke nan muka ji jiniya. Ɗan takarar ɗaya ɓangaren ne, da motoci uku da keke-napep cike da samari. Ya fito da fara'arsa, ya tako har bakin rumfa, sai ya tsaya cak. Ina zai zauna ƙarƙashin hoton abokin hamayyarsa, ga wayoyi an ɗaga ana jira a ɗauka?

Wani daga cikin yaransa ya ce, "Wannan ai ba gidan makoki ba ne, ofishinsu ne!" Ya kama ƙarfen rumfar ya girgiza. Masu gadin kujeru suka miƙe gaba ɗaya. Ban san inda gorori suka fito ba, na dai ga suna sama. A tsakiya kuwa tsofaffi ne a zaune, har da aminin Baba, wani dattijo Kirista da ya zo daga Beji da doyarsa, wanda ko miƙewa ba ya yi sai an kama shi. Na ce shi ke nan, yau za a zubar da jini a ƙofar da Baba ya tsare shekara da shekaru, kuma ni na jawo.

Na shiga tsakani ina ihu, ina haɗa su da Allah. Wa ya ji ni? Wani ma hankaɗe ni ya yi, hulata ta faɗi.

Sai na ji hayaniyar ta fara mutuwa daga bayana. Na waiwaya. Inna ce tsaye a ƙofar zaure, ba takalmi, ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Matar da ke cikin takaba, wadda ko tsakar gida da kyar take fitowa, ga ta a gaban maza fiye da ɗari. Gororin suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ɗan takarar ya sunkuyar da kai.

Ba ta kalli kowa ba sai ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari, ranar ma ba ta kira ba. Ta ce, "Kai. Sauke ta." Ta juya ta shige.

Da hannuna na fara kwance igiya. Kawu ya taya ni, sannan samarin, na nan da na can, kowa ya kama ƙarfe yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ƙarasa addu'ar a cikin rana, gumi na zuba, ba wanda ya yi tari. Abokina bai sake amsa gaisuwata ba sai bayan zaɓe.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Gwaggona ce ta gaya mini cewa ranar ta wuni tana kuka, har ta aika a tambayi liman ko takabarta ta ɓaci. Ya ce lalura ce, babu komai a kanta.

Da wata huɗu da kwana goma suka cika, mata suka taru, an yi waina, an kawo mata sabon zane. Ta ƙi fita. Aka yi lallashin duniya, ta ce a bari sai gobe. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tana gaya wa Gwaggo, akwai rana ɗaya da ba ta zauna wa Baba takaba ba.