Goggo Ta Tafi, Shafin Bai Canja Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ranki, Goggo, a ɗakinki, kusa da keken ɗinkin da kika ciyar da mu da shi bayan rasuwar Baba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ke kike ɗinka mini kayan makaranta, kina ƙara tsawon wando da gangan, kina cewa, "Ai za ka girma ka same shi." Har na gama firamare ban same shi ba. Marayun layinmu kuwa kyauta kike yi musu ɗinki, ki haɗa da faɗa in sun yaga.

An ce in yi haƙuri, ina kuma yi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Shekara uku da suka wuce wani farfesa ya zo yana rubuta tarihin yajin aikin masaƙa, wanda mahaifinki, Kakanmu, ya shiga. Wata biyu yana zarya gidan nan. Kika ajiye ɗinkin mutane, kika gaya masa yadda aka tsare Kaka kwana tara don ya faɗi sunayen waɗanda suka shirya yajin, ya ƙi. Kika gaya masa ke kika kai masa abinci, kina 'yar shekara goma sha biyu, kika tarar da hannunsa a karye. Farfesa yana gyaɗa kai yana cewa, "Allah sarki, Mama."

Littafi ya fito. Ni na karanta miki, don idonki ya yi rauni. A shafi na 114 ya rubuta cewa Kaka ne ya tona asirin abokan aikinsa. Hujjarsa wata takarda ce daga fayil ɗin kamfanin, wato mutanen da suka karya hannun. Maganarki ko layi ɗaya ba ta samu ba. Kika ce in sake karantawa, na sake. Kika ce, "Kira mini shi."

"Za a gyara a bugu na biyu, Mama," in ji shi. Tun daga ranar, duk sanda na shigo, kafin ki amsa gaisuwata sai kin tambayi bugu na biyu.

Ya fito, Goggo. Kwana biyu da binne ki farfesa ya zo gaisuwa, ya miƙo mini kwafi hannu bibbiyu. An canja bango, an ƙara hotonsa. Na buɗe shafin a gabansa, ko harafi ɗaya bai motsa ba. Ya ce, "Ka san ilimi da takarda yake aiki." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma albarkacin mutanen da ke zaune sai kawai na mayar masa da littafinsa.

To ga takarda, farfesa. Kaka bai faɗi sunan kowa ba. 'Yarsa ta gani da idonta, ta faɗa, ni kuma na rubuta.

Allah Ya jiƙan ki, Goggo, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da mahaifinki a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da jikokinki da duk wanda ya taɓa sa ɗinkinki. Shi kuma farfesa, Allah Ya ba shi tsawon ran da zai gyara shafin nan da hannunsa.