Buten da na cire a banza

Na daɗe ina gyaran mota a Tawa, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar kunnena. Mota na shigowa garaji, kafin mai ita ya buɗe baki na riga na yanke mata hukunci. Da wannan halin na cuci wata baiwar Allah.

Ma'aikaciyar lafiya ce da aka turo garinmu. Tana da tsohuwar ƙaramar mota, da ita take kai allurar rigakafi ƙauyukan Afala cikin akwatin ƙanƙara. Wata safiyar Litinin ta zo ta same ni da ƙorafin ambirayaji, wato kuloci.

"Malam, ambirayajina na kuka."

"Wane irin kuka, Madam?"

Ta murɗe leɓe ta kwaikwaya. "Gurrr, kamar injin niƙa daga nesa. In na taka fedarsa ya yi shiru, in na ɗaga ƙafa ya dawo."

Ko sabon shiga ya san bambancin. In kukan ya tashi sa'ad da aka taka, bute ce, ɗan rulman, wato boris, da ke tura faifan ambirayaji. In kuwa takawar ce ke kashe shi, ciwon na cikin akwatin bitas, wato giya. Ta faɗa mini daidai, ni ne ban saurara ba. Na ga mace a sitiyari, na gama lissafina.

"Bute ce," na ce. "Ku mata kuna aje ƙafa kan feda kamar keken ɗinki."

Ta yi murmushi. "Ni ko ɗinkin ban iya ba. Alhamis dai nake son ta, an riga an gaya wa iyayen yara."

Da na sauke tsohuwar buten, na juya ta a yatsa, tana gudu sumul. A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na cusa ta bayan tayoyi, na sa sabuwa. Da na tada motar kukan na nan, na ce mata sabon kaya ne, zai zauna.

Ranar Alhamis bitas ya cije mata a daji, bayan Afala. Kafin ta sami mai babur ƙanƙara ta narke, allurar ta lalace. Matan da suka tako tun safe da goyo suka koma gida hannu biyu.

Da aka jawo motar, ta ce, "Ya zauna, Malam. Yanzu shiru gaba ɗaya."

Na buɗe akwatin bitas, rulman ciki ya dagargaje. Na je bayan tayoyi na ɗauko buten na miƙa mata.

"Wannan lafiyarta lau, Madam. Tun ran nan na sani."

Ta juya ta a hannu.

"Ni na yafe," ta ce. "Matan can ne ban san yadda za ka yi da su ba."

Da wata ya zagayo na roƙe ta in raka ta aikin rigakafin, ko motar za ta sake wani abu. Lafiya lau muka isa. Na zauna gindin aduwa ina kallon layin mata. Da aka tashi na tambaye ta ko duka sun dawo.

"Wasu sun bi dabbobi arewa," ta ce, tana rufe akwatin.

Ban sake tambaya ba. Buten tana rataye a ƙusa, bakin ƙofar garaji.